Sikanar da ke ƙin tashi da safe

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Kwana tara ke nan sikanar shago tana mini abu ɗaya. In na buɗe da safe na kunna kwamfuta, firinta ta yi ƙararta, linzami ya kama, kibod ya kawo wuta, ita kuwa sikana kamar ba a haɗa ta da komai ba. Sai an zare wayarta an mayar, wani lokaci sau biyu, sannan kwamfuta ta yi ɗan sautin nan na cewa ta ga baƙo. Daga nan har a rufe shago ba za ta ƙara ba da ciwon kai ba.

Da ban ɗauki abin a bakin komai ba. Yau ne ya ƙona mini rai. Ƙarfe takwas da kwata wata ɗalibar digiri na biyu ta shigo da takardunta tana sauri, ni kuma ina durƙushe bayan kantar shago ina lalubar waya, rigata duk ƙura. Ta tsaya kamar minti biyu ta ce, "Malam, in ba ta aiki bari in duba gaba." Duk wanda ya san bakin titin Samaru, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya san gaban nan bai wuce taku goma ba. Ta tafi da shafi ashirin da wani abu.

Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da na taɓa. Ga yadda kayan suke: kwamfutar tebur ce, tokumbo, tana kan Windows 10. Sikanar irin shimfiɗaɗɗiyar nan ce da ba ta da wayar wuta ta kanta, ta wayar USB ɗin take cin wuta, ta nan kuma take aika hoto. Tana kan kanta kusa da ƙofa don a miƙo takarda a ɗora nan take, kwamfutar kuma tana can kusurwa. Wayarta ba ta kaiwa, don haka akwai wayar ƙari mai mita uku, a ƙarshenta kuma ɗan akwatin nan mai kafa huɗu da ɗalibai ke soka filas ɗinsu. Fiye da shekara haka suke lafiya lau, saboda haka ban sa su cikin waɗanda nake tuhuma ba.

Talata, 7 ga Janairu

Na hana yaron shago, ɗan yayata ne, taɓa komai. Na kunna, na shiga Dibais Manaja, inda Windows ke jera duk na'urorin da ke haɗe da injin, kafin a zare waya. Sunan sikana babu. A madadinsa akwai wata na'urar USB da kwamfuta ta ce ba ta san ta ba, da ɗan alwatika rawaya a gefenta, kuskure mai lamba 43.

Na goge direban sikanar, wato 'yar manhajar da kwamfuta ke sarrafa ta da ita, gaba ɗaya, na sauko da sabo, na ɗora. Data ta tafi, rabin yini ya tafi.

Laraba, 8 ga Janairu

Ko gezau. Da na zauna na sake karanta saƙon jiya a tsanake sai na ga wautata. Saƙon cewa yake kwamfuta ta nemi na'urar ta faɗi ko ita wace ce, ba ta samu amsa ba. Haka tsarin USB yake: da zarar an soka abu, kwamfuta za ta tambaye shi shaidarsa, shi kuma ya ba da lambar kamfanin da ya ƙera shi da lambar samfurinsa. Sai da waɗannan lambobi biyu ne take sanin direban da za ta kira. To wanda ko sallama bai amsa ba, ina amfanin gyara masa masauki? Direban da na kashe wa data jiya ko zuwa kansa ba a yi ba.

Sai hankalina ya koma kan ƙura. Hunturun bana bai yi mana da wasa ba, da safe ko hasumiyar ginin majalisar jami'a da kyar ake hangowa. Na kwance murfin kwamfutar, abin da na gani sai da na ji kunya: fankar ta yi gemu, allon ciki ya koma jaja-jaja. Muka fitar da ita waje muka hure, na bi kafofin USB da ɗan buroshi da sifirit. Tun da na riga na fara, na shiga saitunan wuta na hana Windows kashe kafofin USB don tanadin lantarki, na kuma cire alamar da ke ba ta wannan izini a kan kowane tushen kafa da ke Dibais Manaja.

Abu uku a rana ɗaya. Ko da ta gyaru gobe, ba zan san wanne ya yi aikin ba. Sai da na mayar da murfi na tuna da haka.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ba ta gyaru ba, don haka damuwar jiya ta kau da kanta.

Na ce bari in leƙa Bayos, wato ɗan tsarin da ke tayar da injin kafin Windows ta karɓa. Na kunna ina dukan F2, babu. Na sake da Del, babu. A karo na uku na lura fitilar kibod ba ta kamawa sai tambarin Windows ya bayyana. Ashe duka nake a banza, a lokacin ba wanda ke sauraron kibod ɗin.

Bayan azahar na ɗora akwatin a keke, muka bi ta Kwangila zuwa unguwar PZ wajen Injiniyan da ke mini gyara tun ina yaron shagon wani. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Sai da muka gaisa, ya tambayi mutan gida da sanyi, sannan ya juya bayan akwatin.

"Ai ga ƙofa nan a buɗe, kai kake bin taga," ya ce, yana nuna wata zagayayyar kafa.

Ya jawo wani tsohon kibod daga ƙarƙashin benci, mai kai ruwan malmo da ƙananan allurai a ciki. PS/2 ke nan, wanda IBM ta fito da shi a 1987, ga shi har yau yana fid da mutum kunya. Ruwan malmo na kibod ne, kore na linzami. Ya gargaɗe ni kada in taɓa soka shi injin na kunne, ba irin USB ba ne. Bugu ɗaya muka shiga. Wanda ya yi amfani da injin a can ƙasar da ya fito ya kunna saurin tashi na Bayos, wanda ke tsallake duba kafofin USB don a rage daƙiƙoƙi. Injiniya ya kashe shi.

Sai ya nuna mini agogon da ke saman allon. Shekarar ma ba tamu ba ce.

"Kana kashe soket da dare?"

"Kullum, Baba. Saboda inbata."

Ya zaro ɗan batirin nan mai kama da sulalla, CR2032, ya ɗora a mita. Ya kamata ya nuna bolt 3, ya nuna ƙasa da 2. Shi ke riƙe agogon injin in babu wuta. Ban taɓa lura ba saboda da na jona intanet Windows ke gyara lokaci da kanta. A wasu injina in ya mutu har saituna sukan koma yadda suka fito daga masana'anta, a nawa agogon kaɗai ya ruɗe. Aka sa sabo. Na dawo Samaru da magariba raina fes, har na tsaya na sayi tsire.

Juma'a, 10 ga Janairu

Murna ta koma ciki. Agogo daidai, kibod na kamawa tun daga farko, sikana babu.

Ina huci yaron ya ce, "Kawu, ni fa in ta yi haka ba na zare waya. Ristat nake yi, sai ta dawo." Na ce ya gwada a gabana. Ta dawo. Na ce don me bai taɓa faɗa mini ba, ya ce ban tambaya ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Akwai wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ɗan aji uku, da ke zuwa buga aikinsa nan. Na ba shi labari, tun ban kai ƙarshe ba ya fara murmushi. Bayaninsa ya zauna mini, shi ya sa zan rubuta shi yadda na fahimta.

Tun daga Windows 8, a 2012, in ka danna kashewa ba mutuwa injin yake yi gaba ɗaya ba. Yana rufe manhajojinka ya fitar da kai, amma zuciyar tsarin da direbobin da ke aiki sai ya naɗe su ya ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys. Gobe in ka kunna sai ya warware su yadda ya bar su, shi ya sa yake tashi da wuri. Ristat kuwa ba ya bin wannan hanya, komai daga farko yake ɗaukowa. Wato abin da muke kira kashewa barci ne, ristat ɗin da muke rainawa shi ne ainihin sabon tashi. Don in gani da idona, ya kashe injin ya kunna, ya buɗe Tas Manaja ya nuna mini inda ake ƙirga tsawon lokacin da injin ya yi a kunne. Lissafin bai koma sifili ba, ɗorawa ya yi daga inda ya tsaya.

Wannan daban yake da wanda Injiniya ya kashe ranar Alhamis, sunan ne kawai ya yi kama. Wancan na Bayos ne, wannan na Windows. Ana kashe shi ta Kontorol Fanel, a sashen wuta, inda ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa. Wanda ba ya son bin lungu-lungu yana iya buɗe baƙin allon umarni da ikon mai gida ya rubuta powercfg /h off, sai dai wannan har dogon barcin injin yake kashewa. In kuma sau ɗaya kake son cikakken kashewa, ka danne Shift yayin da kake danna kashewar. Ya ƙara da cewa da na danne Shift na yi ristat, da Windows ta kai ni wani allo mai hanyar shiga Bayos kai tsaye, ba sai na biya kuɗin keke zuwa PZ ba. Na ce ai da ban je ba da ban san batirina ya mutu ba.

Muka cire alamar saurin tashin na Windows. Muka kashe muka kunna sau biyar, sikana ta bayyana sau biyar. Ban karɓi kuɗin bugun da ya yi ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Da sauran rina a kaba. Safiyar yau babu ita.

Na daɗe zaune ina kallon injin. Ranar Asabar biyar cikin biyar, yau sifili. Me ya raba su? Sanyi, na farko. Na biyu kuma, wanda ya fi tsaya mini a rai, ranar Asabar ba mu taɓa soket ba. Injina da yawa ko an kashe su, muddin wayar wuta na jikin bango, kafofin USB ba sa rasa bolt 5 ɗinsu. Na gwada da wayar caji, waya ta kama caji injin yana kashe. Ke nan duk gwajin da muka yi sikanar ba ta taɓa rasa wuta ba, ba ta taɓa tashi daga mutuwa ba. Haka ma ristat ɗin yaron. Alamar da muka bi da gudu tana iya nuna Windows, tana kuma iya nuna wuta, mu muka zaɓi wadda ta fi daɗin bayani.

Na sauya tsarin gwaji: kashe injin, kashe soket, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ciki ta zube, jira minti biyu, sannan a kunna. Sau biyar. Ta zo sau biyu, ta ƙi sau uku. Wannan ne karon farko da na iya jawo matsalar da rana tsaka ba sai na jira gari ya waye ba, kuma ya fi mini duk gyare-gyaren makon jiya amfani.

Laraba, 15 ga Janairu

Ɗalibin ya dawo da filas mai ɗauke da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, wanda ake tayar da injin da shi ba tare da an taɓa abin da ke kan faifan ciki ba. Muka yi gwajin soket. Duk lokacin da ta zo, umarnin lsusb ya nuna ta da lambobinta biyu. Lokacin da ta ƙi, ya rubuta dmesg, layuka suka zubo suna cewa an kasa karanta shaidar na'urar, kuskure -71. Uku cikin biyar ta ƙi, daidai da shekaranjiya.

Tsari biyu da ba su haɗa komai ba, ƙorafi ɗaya. Windows ta fita daga zargi, shi ma ya yarda, ko da yake ba da son ransa ba.

Sai na fara tunanin ko sikanar ce ta zo ƙarshe, gabana ya faɗi, don kuɗin sabuwa yanzu ba abin wasa ba ne. Na ɗauke ta na kai shagon maƙwabcina mai fotokofi, muka haɗa ta da laftof ɗinsa da wayarta ta asali. Sau biyar ya kashe ya kunna, sau biyar ta amsa, har da ɗan gurnanin nan da take yi in fitilarta na komawa mazauninta. Lafiyarta ƙalau. Injin lafiya, sikana lafiya. Abin da ya rage shi ne abin da ke tsakaninsu, wanda na wanke tun ranar farko.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na aika yaron PZ ya aro mini ɗan ma'aunin USB na Injiniya, ƙaramin abu kamar filas mai allo da ke nuna bolt da yawan wutar da ake ja. A kafar bayan injin ya nuna 5.06. A ƙarshen wayar ƙari, jikin ɗan akwatin mai kafa huɗu, ba a haɗa komai ba, kusan haka. Sai na sa shi tsakanin akwatin da sikana, na yi gwajin soket, na tsura wa allon ido. Injin na kamawa, motar sikana ta yunƙura za ta ja fitila, lambar ta zube zuwa 4.1, gurnanin ya yanke a tsakiya, ya sake farawa, ya sake yankewa. Na sa kunne kusa. Sau uku tana yunƙurin tashi tana faɗuwa, a daidai lokacin ne kuma kwamfuta ke tambayarta sunanta.

Ƙa'idar USB 2.0, wadda aka fitar a 2000, ta ce kafar jikin injin ta ba da tsakanin bolt 4.75 da 5.25, kuma na'ura na iya jan miliamfa 500 a kafa ɗaya. USB 3.0 na 2008, mai shuɗin harshe, ya kai 900. Ɗan akwatin rarrabawa da ba shi da wutar kansa kuwa, 500 ɗin nan ce yake rabawa, a ƙa'ida kowace kafarsa 100 ce rabonta. Tsawon waya kuma kada ya wuce mita biyar. Ni ina da mita uku, da ɗan jelar akwatin, da mita ɗaya da rabi na sikanar. Tun asali a bakin gaɓa nake tsaye, ban sani ba.

Amma a bakin gaɓar nan na yi shekara ban faɗa ba. Na bi wayar ƙarin da hannu daga bayan kanta har zuwa injin, abin da ban yi ba tun da aka fara wannan rikici. Tawa baƙa ce, mai kauri, da ɗan ƙullutu kusa da kai. Wannan da ke hannuna baƙa ce ita ma, amma siririya kamar igiyar takalmi.

Na kira yaron. Na ɗaga wayar ban ce komai ba.

Ya sunkuyar da kai. "Kawu, ka yi haƙuri. Ranar da ka tafi biki Funtua ne. Na ja kanta zan yi shara, ƙafar ta murƙushe kan wayar. Na sayi wata wajen masu tallar caja da kuɗina."

Na je Funtua ranar Asabar, 28 ga Disamba. Na dawo washegari, na buɗe shago da yamma, a ranar ta fara. Kwana goma ina tambayar injin me ke damunsa, ban tambayi mutumin da ke shagon me ya sauya ba. Faɗan da na shirya ya tsaya a maƙogwaro, don da kuɗinsa ya saya, kuma ni ma a shekarunsa na ɓoye wa maigidana abin da ya fi wannan. Na dai ce masa duk abin da ya lalace a shagon nan, ko fulogi ne, in ji daga bakinsa kafin in gani da idona.

Da yamma na sa reza na feɗe wayar. Jijiyoyi huɗu ne kamar kowace: ja da baƙa na wuta, kore da fara na saƙo. Na fere jar, abin da ke ciki bai fi silin gashi biyar ko shida ba. Na kankare su da bakin reza, jan launin ya tafi, fari ya fito. Na kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika, suka manne. Tagulla ba ta bin maganaɗisu. Ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, shi kuwa ƙarfe ya fi tagulla tauye wuta nesa ba kusa ba. Filas da linzami ba sa jan abin kirki, shi ya sa ba su taɓa kuka ba. Mai mota a ciki ce ta ji jiki.

Asabar, 18 ga Janairu

Hanya biyu ce: in sayi akwatin rarrabawa mai adaftar wuta ta kansa, ko in kawar da nisan. Na zaɓi ta biyu, ba na son ƙarin abin da zai ci soket ya kuma ci inbata. Kafinta ya zo ya buga ɗan shiryayye a ƙarƙashin kanta, muka dawo da akwatin kwamfutar nan. Yanzu sikana na shiga kai tsaye kafar baya da wayarta ta asali. Na baya na zaɓa saboda a jikin babban allon injin aka like su, na gaba kuwa sai sun bi ta wata siririyar waya a ciki. Ɗan akwatin mai kafa huɗu ya koma wata kafar daban, na filas ɗin ɗalibai kawai.

Ma'auni: 5.05 a zaune, 4.9 lokacin da mota ta yunƙura. Gurnani ɗaya, ba yankewa. Gwajin soket sau goma, ta zo sau goma. Ban sayi tsire ba tukuna.

Asabar, 25 ga Janairu

Safiya shida a jere, har da ta Laraba da sanyi ya sa na zo da hular sanyi a ƙarƙashin rawani, ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. Ranar Laraba da yamma na mayar da saurin tashi na Windows yadda yake da, don in san ko yana da hannu. Safiya uku ke nan yana kunne, sikana na zuwa, injin kuma ya koma tashi cikin rabin minti maimakon minti ɗaya da wani abu. Na bar shi a kunne. Na Bayos kuwa na bar shi a kashe, ina son kibod ɗina ya riƙa ji tun daga farko, musamman da yake a ranar 14 ga Oktoba, 2025, za a daina tallafa wa Windows 10, kuma na san zan sha shiga can kafin in yanke shawarar abin da zan ɗora wa injin.

Na mayar wa Injiniya ma'auninsa da kibod ɗinsa jiya bayan sallar Juma'a, na kai masa guntun wayar da na feɗe. Ya juya ta, ya gwada da maganaɗisunsa, ya jefa a wani gwangwani da ke cike da irinta. Na tambayi kuɗin kibod ɗin, ya ce ba na sayarwa ba ne.